Yayana ya rasu ya bar mata biyu da yara bakwai: da me ake farawa?

Baban Walida:
Assalamu alaikum jama'a. Wasunku sun ga sanarwar rasuwar yayana ranar Talata, wasu ma har gida suka taka. Allah ya ba da lada, ya bar zumunci. An yi uku, baƙi sun fara watsewa, masu kanofi sun zo da safe sun kwashe kayansu. Sai yanzu na ga girman abin da ke gabana. Ya bar Hajiyarmu da rai, da mata biyu, da 'ya'ya bakwai, maza uku mata huɗu. Babban yana aji biyu a jami'a. Amaryar tana da ciki wata shida. Ma'aikacin gwamnatin tarayya ne, yana kuma taɓa harkar hatsi a Dawanau shi da wani abokinsa. Ni ne namiji babba da ya rage a ɗakinmu, kowa ni yake kallo. Wayarsa tana hannuna, katin bankinsa yana hannuna, Baffanmu yana cewa a kai masa makullin mota da takardun gida ya ajiye, gwaggonninmu kuma suna maganar a fara shirin sadakar bakwai. Wanda ya taɓa shiga irin wannan, don girman Allah ya nuna mini bakin zaren.

Ummu Sudais:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙansa, ya sa kwanciya hutu ce, ya raya abin da ya bari.

Ɗan Damagaram:
Allah shi gafarta mishi. Ya ƙarin haƙuri, Baban Walida?

Malam Na Tudun Wada:
Allah ya gafarta masa, ya kyauta namu zuwan. Baban Walida, ka fara da bashi. Kafin mota, kafin gida, kafin maganar kowace sadaka. Jerin da shari'a ta ajiye a dukiyar mamaci shi ne: kuɗin shirya shi da binne shi, sai bashin da ake binsa, sai wasiyya idan ya bari, ita ma ba ta wuce kashi ɗaya bisa uku kuma ba a yi wa magaji, sannan abin da ya saura a raba gado. Hadisi ya tabbata cewa ran mumini a rataye yake da bashinsa har sai an biya masa.

Na san an yi cigiya a wajen jana'iza cewa mai bin sa bashi ya zo ya same ku. Wannan cigiyar ba ta isa ba. Mutane da yawa kunya suke ji, ba wanda zai zo gidan makoki ya ce ina bin mamaci dubu ashirin ɗin shinkafa. Ku ne za ku bi su: mai kantin unguwa, mai kemis, tela, makarantar yara, abokin kasuwancinsa. Ka kuma tambayi matan biyu, kowace a keɓe, ko akwai sauran sadakinta, ko ta taɓa ranta masa kuɗin adashi, ko ta sayar da ɗan kunnenta ta ba shi ya cika kuɗin fili. Wannan bashi ne cikakke, a gabanin gado yake fita, amma shi aka fi dannewa saboda mata ba sa buɗe baki a irin wannan lokaci. Ka samu littafi guda, duk abin da aka faɗa ka rubuta da kwanan wata da shaida. Wanda shi ma yake bi bashi, ka rubuta a ɗaya ɓangaren.

Baban Walida:
Na gode Malam. Maganar Baffa fa? Ƙanin mahaifinmu ne, shi ya aurar da mu duka, ba na son in ɓata masa.

Malam Na Tudun Wada:
Girma nasa ne, a ba shi. Gado kuwa ba shi da ko kwabo, kai ma ba ka da shi, tunda mamacin ya bar ɗa namiji. Matan biyu za su raba tumuni a tsakaninsu, wato ɗaya bisa takwas. Hajiya tana da sudusi, ɗaya bisa shida. Sauran duk na 'ya'ya ne, namiji ya ɗauki rabon mata biyu. In ka kasa dukiyar gida 48, kowace mata tana da 3, Hajiya tana da 8, 'ya'ya suna da 34. Suratun Nisa'i aya ta 11 da ta 12 ke nan. To amma ga inda za ku tsaya: akwai ciki. A mazhabar Malikiyya ba a raba gado sai an haihu, domin ba a san mace ce ko namiji ba, ɗaya ne ko tagwaye, zai zo da rai ko a'a. Wannan ma hujja ce mai kyau da za ka kai wa Baffa cikin ladabi: ba abin da za a taɓa yanzu. A zauna gaban liman da mai unguwa a lissafa duk abin da ya bari, a sa hannu, kowane ɗaki a ba shi kwafin takardar. Bayan haka wurin ajiyar takarda ba zai zama abin faɗa ba.

Barista Abu Yasmin:
Allah ya jiƙan rai. Bari in ɗora a kan maganar Malam ta fuskar takardu, don nan ne mutanenmu suke shan wuya.

Idan a asibiti ya cika, ka koma ka karɓi takardar likita mai nuna dalilin rasuwa. Da ita za ka je ofishin Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa da ke ƙaramar hukumarku a yi rajistar mutuwar a ba ka takardar shaida. Dokar 1992 ta wajabta rajistar haihuwa da mutuwa, amma mu sai buƙata ta taso muke tunawa. Ka yi kwafinta da yawa, ta asalin kuma kada ka bar ta a hannun kowa, a gani a miƙo maka abarka.

Ka rubuta wa ma'aikatarsu takarda ka sanar da su. Kada ka bari albashi ya ci gaba da shigowa kuna murna, domin in an gano, daga haƙƙoƙinsa za a zare. Tunda ma'aikacin tarayya ne, yana da asusun fansho a wani kamfani, kuma dokar fansho ta 2014 ta ɗora wa mai ɗaukar aiki ya yi wa ma'aikaci inshorar rai da ba ta gaza ninki uku na abin da yake samu a shekara ba. Iyalai da yawa ba su san da wannan kuɗin ba sam. Ka tambaya kuma ko ana cire masa kuɗin asusun gidaje na ƙasa, da ko yana cikin ƙungiyar adashin ma'aikata, don can ana iya samun ajiya, ana iya samun bashi.

Rabon gado na kotun Musulunci ne. Amma banki da kamfanin fansho galibi takardar izinin tafiyar da dukiyar mamaci suke nema, wadda ake karɓa a sashen gado na babbar kotun jiha. Tana ɗaukar watanni, ana kuma biyan wani kaso gwargwadon dukiyar, ya danganta da jiha. Duk ofishin da ka je, ka ce su rubuta maka jerin abin da suke so a takarda, kada ka yarda da na baki.

Katin banki kuwa, ka ajiye shi. Kada ka cire ko sisi.

Maman Khalifa:
Barista, da sauƙin faɗa. Kada ya cire ko sisi, to yara bakwai da mace mai ciki iska za su ci har watannin naka su cika? Ni na ga gidan da aka yi wannan tsantsenin, kuɗi na kwance a banki, marayu ana kora su daga makaranta. Mutane da yawa abin da suke yi shi ne su je wajen mai POS su kwashe kafin banki ya ji labari, kuma wallahi ban ga laifinsu ba.

Barista Abu Yasmin:
Hajiya, na fahimce ki, amma Baban Walida nake karewa. Banki yana da lissafin kowace fita da ranarta da sa'arta. Ranar da aka zo kotu, za a buga takardar asusun, a ga an cire kuɗi bayan ranar rasuwa. Mata biyu ne a gidan nan. Yau kowa yana kuka tare, bayan wata takwas dangin uwargida da dangin amarya ne za su zauna suna ƙirga. Wa za a nuna? Wanda katin yake hannunsa. Ko da kowace naira a tukunyar gidan ta ƙare, sai ya rantse ya gaji.

Sadiq Mai Banki:
Gaskiyar Barista ce. Da zarar an kawo mana sanarwa a rubuce, ana dakatar da fitar kuɗi, amma kuɗin suna nan ba inda za su. Abin da zan ƙara: sunan da mutum ya rubuta a fom a matsayin wanda za a tuntuɓa idan wani abu ya same shi ba ya mayar da wannan mutumin mai kuɗin. Kusan kullum sai wani ya zo yana bugun tebur cewa ai sunansa ne a fom. Sannan layin wayarsa, ku riƙa sa masa kati kuna kira da shi. In ya daɗe a kashe kamfani zai iya sake sayar da shi, ga shi duk saƙon banki da na masu hulɗa da shi ta nan suke shigowa. Lambar BVN ɗinsa ma ku nemo, za ta taimaka wajen gano ko yana da asusu a wani bankin da ba ku sani ba.

Maman Khalifa:
To ku faɗa mini abin da za su ci.

Malam Na Tudun Wada:
Tambayarki tana kan hanya, kuma amsarta tana wuyan dangi da maƙwabta. Lokacin da labarin shahadar Ja'afar ɗan Abi Ɗalib ya iso daga Mu'uta, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa ya yi a yi wa iyalan Ja'afar abinci, domin abin da ya shagaltar da su ya zo musu. Abinci shiga gidan mamaci yake yi. Baban Walida ya tara 'yan'uwa a yanka wa kowa abin da zai iya duk wata. Wanda ya bayar kyauta, Allah ya ba shi lada. Wanda ya ce rance ne, a rubuta, a biya shi idan an raba. Hatsin da ke gidan kuma a auna a rubuta a ci, ba wanda zai ce a bar yara da yunwa buhu yana jingine.

Abu Hafsat:
Madalla da wannan hadisi. Shi ya kawo mu kan maganar sadakar bakwai. Baban Walida, kada ka yi. Uku, bakwai, arba'in, babu ko ɗaya da Annabi ya yi wa Khadija ko Hamza ko 'ya'yansa, babu wanda sahabbai suka yi masa. Jarir ɗan Abdullahi ya ce sun kasance suna ƙirga taruwa a gidan mamaci da dafa abinci bayan binnewa a cikin kukan mutuwa da aka hana. Bidi'a ce, an gama.

Alhaji Ɗan Mazan Jiya:
Kai yaro, a hankali da "an gama". Iyayenmu da malaman da suka karantar da malamanka sun taru sun yi wa mamatansu addu'a, sun sauke Alƙur'ani, sun raba gumba da waina. Duk a ɓata suke? Addu'a tana isa ga mamaci, sadaka tana isa gare shi, wannan ba saɓani. Sa'adu ɗan Ubada ya yi wa mahaifiyarsa sadaka bayan ta rasu da izinin Annabi. Ranar da aka sa, don mutanen nesa su san lokacin zuwa ne, ba wanda ya ce farilla ce.

Abu Hafsat:
Alhaji, da girmanka, ba wanda ya hana sadaka. Ware rana da tara jama'a ake magana. In ba farilla ba ce, me ya sa wanda bai yi ba ake cewa ya wulaƙanta mamacinsa?

Hajia Zongo Kumasi:
Mu nan Kumasi adu'ar arba'in babban taro ne, har ana ɗinka yadi iri ɗaya. Amma fa jama'a ne suke kawo gudummawa, ana rubutawa, wani lokaci abin da aka tara ya fi abin da aka kashe, a ba matar mamaci ta ja jari. Wani lokaci kuma a tashi da bashi. Na ga duka biyun.

Ummu Sudais:
Ku yi haƙuri, Alhaji da Abu Hafsat, dukkanku a waje kuke zama kan tabarma a kawo muku tire. Mu ne a cikin gida. Kun san wa ke hura wutar nan? Wa ke wanke tukwane har sha biyun dare? Kun san cewa a cikin masu zuwa akwai waɗanda ƙullin abinci suke tafiya da shi gida a leda, har su yi ƙorafin nama ya yi kaɗan? Ranar da mijin yayata ya rasu, tana zaune ido ya kumbura, wata ta leƙo tana tambayarta inda take ajiye manja. Ni ban isa in ce halal ko haram ba, na bar wa malamai. Abin da na sani, buhun shinkafar da za a dafa ranar bakwai zai riƙe gidan nan sati uku.

Malam Na Tudun Wada:
Saɓanin ya daɗe, ba a nan za mu kashe shi ba. Amma akwai gaɓar da Alhaji da Abu Hafsat duk za su yarda: ba a taɓa dukiyar mamaci a yi wannan hidima, domin tun daga lokacin da ya cika ta zama ta magada, kuma a cikinsu akwai marayu ƙanana waɗanda ko sun ce sun yafe ba a karɓa. Nisa'i aya ta 10 ta ce masu cin dukiyar marayu da zalunci wuta suke ci a cikkunansu. Gwaggon da take son a yi bakwai ta kawo shinkafarta da itacenta.

Alhaji Ɗan Mazan Jiya:
Wannan kam haka ne. Ni ma daga aljihuna na yi wa nawa.

Shugaban Zaure:
To a tsaya nan kan wannan gaɓar don Allah. Mai tambaya yana cikin jimami, kada mu mayar masa da wurin fagen wa'azi.

Gwaggo Ta Zariya:
Duk kun yi maganar kuɗi da takarda, ba wanda ya tambayi halin da matan suke ciki. Ni na yi takaba, shekara tara ke nan, bari in faɗa muku abin da ba a faɗa.

Kwanakin farko ba ka jin komai. Gida cike, ana ta "ya haƙuri, ya haƙuri", kana amsawa kamar ba kai ba. Mutuwar ba ta shiga jikina ba sai da kowa ya tafi. Bayan la'asar, lokacin da ya saba dawowa, sai in ji ƙarar babur a waje gabana ya faɗi. Dare kuwa ba a magana. A lokacin ne nake bukatar mutum, a lokacin ne kuma ƙafa ta ɗauke. Wata na biyu da na uku, waɗanda suka yi ta rantsuwa a gaban gawa cewa yaran nan nasu ne, ko waya babu.

Saboda haka Baban Walida, kada ku ƙarar da zumuncinku a satin farko. Ku raba shi. Matarka da ƙannenku mata su yi jeri, wannan ta zo Litinin, waccan Alhamis, har a fita takaba. Kowace mata a bar mata wata tata ta jini ta riƙa kwana da ita, musamman mai cikin. In kun zo kada ku ce "in kina bukatar wani abu ki faɗa", ba za ta faɗa ba. Ku buɗe kicin ku duba, ku ga gas ya ƙare, ku ga sabulu. Kuma ku bar ta ta yi maganarsa. Mutane suna tsoron ambaton sunan mamaci gaban matarsa wai kada a tayar mata da hankali, alhali ba abin da take so kamar ta ji wani ya ce, kin tuna ranar da ya yi kaza? Ta yi dariya, ta yi kuka, ta samu sauƙi.

Abu na ƙarshe, tsofaffi za su zo da dokoki. Ni an ba ni wuƙa in riƙe duk inda za ni, an ce ba wanka sai Juma'a, ba duba madubi, ba amsa sallamar namiji. Na yi wata guda a haka kafin wata malamar Islamiyya ta zo ta ce in tashi in yi wanka.

Malama Ummu Aiman:
Allah ya saka, Gwaggo. Duk waɗannan ba su da tushe. Takaba wata huɗu da kwana goma ce, Baƙara aya ta 234. Abin da aka hana: ado, turare, kwalli, lalle, kayan ƙawa da gwal, ɗaura aure, da kwana a wani gida ba wanda mijin ya bar ta a ciki ba sai da larura. Wanka, wanki, tsefe kai, magana da mutane cikin mutunci, amsa waya, duk ba laifi. Za ta iya fita da rana don bukata. Amarya ta ci gaba da zuwa awo, kada wani ya hana ta. Ita iddarta ma da haihuwa take ƙarewa a wajen mafi yawan malamai, kamar yadda aka yi wa Subai'a Al'aslamiyya fatawa da ta haihu kwanaki kaɗan bayan rasuwar mijinta. Kuma tunda gidan nasa ne, ba mai ikon ce wa ɗayarsu ta tattara ta tafi gidansu kafin idda ta cika.

A kula da cin abincinsu. Nana A'isha takan sa a dama talbina, wani kunu na garin sha'ir, a ba waɗanda aka yi wa rasuwa bayan baƙi sun watse, ta ce ta ji Annabi yana cewa tana kwantar da zuciyar mara lafiya, tana rage baƙin ciki. Wanda makoshinsa ya ƙi tuwo zai iya kurɓar kunu mai ɗumi.

Malamar Firamare:
Yaran fa, me aka ce musu?

Baban Walida:
Manyan sun sani, har makabarta aka je da maza biyu. Ƙananan an ce musu Abba ya yi tafiya. Mai shekara shida kullum sai ta tambaye ni yaushe zai dawo, in rasa inda zan sa kaina.

Malamar Firamare:
Don Allah a gyara wannan da wuri. Ina da irinsu a aji. Yaron da aka ce wa babansa ya yi tafiya jira yake yi, in jiran ya yi tsawo sai ya fara zaton laifi ya yi aka gudu aka bar shi. Ƙarshe a bakin yaran unguwa zai ji gaskiya, ta hanya mafi muni. Uwarta ko kai, wanda ta fi sakewa da shi, ya zaunar da ita ya ce Abba ya rasu, ya koma wurin Allah, ba zai dawo ba, amma muna yi masa addu'a, kuma ga mu nan ba inda za mu. Kada a ce barci yake yi, sai ta ji tsoron kwanciya. Za ta sake tambaya gobe da jibi, a sake ba ta amsa iri ɗaya. In kun ga fitsarin kwance ya dawo, ko faɗa, ko rashin magana, ba iskanci ba ne, kada a dake su. Ku sanar da malaman ajinsu, su koma makaranta da wuri. Shi kuma babban, ku daina ce masa "yanzu kai ne uba". Yaro ne ɗan aji biyu, shi ma ubansa ya rasa. Ya koma karatunsa.

Abban Mus'ab:
Ni tambayata kai ce, Baban Walida. Kai ya kake? Lokacin da uwar 'ya'yana ta rasu wajen haihuwa, kowa cewa yake ka daure, kai namiji ne. Na daure ɗin. Na karɓi gaisuwa, na sallami baƙi, ban zubar da hawaye ba. Bayan wata biyu na faɗi a kasuwa, aka ce jinina ya hau. Annabi da kansa ya yi hawaye da ɗansa Ibrahim yake cikawa, har Abdurrahman ɗan Aufu ya ce har kai ya Manzon Allah? Ya ce wannan rahama ce, ido yana zubar da hawaye, zuciya tana baƙin ciki, ba ma faɗin sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi. Abin da aka hana shi ne kururuwa da marin fuska da yaga tufa. Ka samu aboki guda wanda za ka zauna da shi ba a matsayin mai karɓar gaisuwa ba.

Baban Walida:
Wallahi Abban Mus'ab kamar ka shiga raina. Barci ba ya zuwa. Ni na kai shi asibiti, kuma tun da yamma ya ce ƙirjinsa na ciwo na ce ya sha magani mu gani zuwa safe. Abin nan yana cina.

Dakta Abu Nabila:
Allah ya jiƙansa. Wannan "da na sani" kusan duk wanda ya yi jinyar mamaci yana ɗauke da irinta, har mu likitoci. Ka yi hukunci da abin da ka sani a lokacin, ba da abin da ka sani yau ba, kuma ajali ba ya jinkiri. Rashin barci, rashin cin abinci, mantuwa, jin kamar muryarsa a tsakar gida, duk ana ganinsu a makonnin farko, suna kuma raguwa da kansu. Kada ka sayi maganin barci a kemis.

Abin da za ku sa wa ido, a kanka da matan da Hajiya: wanda watanni suka wuce abin bai sassauta ba, ya kasa komawa harkokinsa, yana ramewa, ko ya fara cewa gara ya bi mamacin. Wannan na ƙarshen ba a jira da shi ko kwana ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa baƙin cikin rashi mai tsanani da ya zarce wata shida cikin jerin lalurorin da ake dubawa, kuma ana samun sauƙi. Akwai sashen kula da wannan a asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano, akwai asibitin masu lalurar ƙwaƙwalwa na Dawanau, akwai irinsa a Barnawa ta Kaduna da Kware ta Sakkwato da Maiduguri. Zuwa can ba hauka ba ne, kuma ba ya hana addu'a. Hajiya kuma, in tana da hawan jini ko sukari, a sa mutum guda ya tsaya kan maganinta. Tsofaffi sukan daina sha a irin wannan lokaci ba wanda ya lura. Uwar da ta binne ɗanta sau da yawa ita ake mantawa, saboda hankali yana kan matan.

Malam Na Tudun Wada:
Ka yawaita addu'ar da aka koya wa Ummu Salama da Abu Salama ya rasu: Allahumma ajirni fi musibati wa akhlif li khairan minha. Ka koya wa matan ma.

Ɗan Damagaram:
Mu a Nijar bayan takardar mutuwa daga ofishin magajin gari, ana zaman dangi a rubuce, a fidda wanda zai tsaya ma marayu, a kai gaban alƙali ya tabbatar. Ko ba dokarku ba ce, ku yi irinsa. Abokin hatsin nan kuma ku same shi tun buhunan suna rumbu, a ƙirga da shaidu.

Baban Walida:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Gobe zan fara da asibiti da ofishin ƙidaya, jibi in je Dawanau da liman. Barista, takardar kotun nan, da sunan wa za a nema? Ni, ko babban ɗansa? Shekararsa ashirin.

Barista Abu Yasmin:
Yawanci mutum biyu ake so idan akwai ƙananan yara a cikin magada. Shawarata kada ka tsaya kai kaɗai, kada kuma a ɗauko duka biyun daga ɗaki ɗaya. Tunda babban ɗan na uwargida ne, a haɗa shi da amarya ko wani da ita ta yarda da shi, kai ka zama mai rakiya da bin takardu. Ka fara tara hotunansu, katin ɗan ƙasa na kowa, takardun haihuwar yara, da takardar ɗaukarsa aiki. In shaidar mutuwar ta fito ka yi mini magana ta gefe in duba maka fom ɗin kafin ku kai.